Ƙaramar Masana'antar Ayisi: Abin da Atomic Semi Ke Nema, da Irin Aikin da Za Ta Samar

A shekarar 2018 wani ɗalibin ajin ƙarshe na sakandare, Sam Zeloof, ya ƙera ayisi da hannunsa a garejin gidan iyayensa da ke Flemington, a jihar New Jersey ta Amurka. Ayisi shi ne ɗan baƙin abin nan mai ƙafafu da ke manne a allon waya da rediyo da kwamfutar mota, wanda in mai gyara a Farm Centre ta Kano ya ce maka ya ƙone, ka san sai dai a cire a sa wani, don ba mai iya buɗe cikinsa ya gyara. A cikinsa akwai taransista, wato ƙananan makunnai masu buɗe wa lantarki hanya ko su rufe, kuma da wannan buɗewa da rufewa ne na'ura ke yin duk lissafin da take yi. Na farkon da Zeloof ya yi, taransista 6 ne kacal a cikinsa. A 2021, lokacin yana karatu a Jami'ar Carnegie Mellon, ya fito da na biyu mai ɗauke da 1,200. Kayan aikinsa tsofaffin injuna ne da ya sayo a gwanjon intanet ya gyara, sai wata majigi irin ta ɗakin taro da ya haɗa da madubin ƙara girma domin ta riƙa haska zane a kan silikon, sinadarin da ake yin ayisi da shi.

A ma'aunin manyan kamfanoni wannan bai taka kara ya karya ba. Ayisin Intel 4004 na shekarar 1971 yana da taransista kusan 2,300, shi kuwa H100 na kamfanin Nvidia, wanda ake horar da ƙirƙirarriyar basira da shi, yana da biliyan 80. Duk da haka masana harkar sun tsaya sun duba, saboda mutum guda ya bi aikin tun daga ɗanyen faifan silikon har zuwa abin da ke amsa lantarki, shi kaɗai, a ɗaki ɗaya. An daɗe ba a ga haka ba.

Daga cikin waɗanda suka duba har da Jim Keller, mutumin da sunansa ke da nauyi a fagen zana ayisi. Ya yi aiki a kan fitattun ayisi irin su Alpha na kamfanin DEC, da K8 da Zen na AMD, da A4 da A5 da Apple ya sa a iPhone da iPad, ya jagoranci aikin kwamfutar tuƙi ta Tesla, ya zauna a Intel daga 2018 zuwa 2020, sannan ya koma Tenstorrent inda ya zama shugaba. Shi da Zeloof suka kafa Atomic Semi a San Francisco. A farkon 2023 kafofin labaran fasaha suka ruwaito cewa asusun zuba jari na OpenAI, kamfanin ƙirƙirarriyar basira, na tattaunawar sa wa kamfanin kuɗi, ana maganar dala miliyan 15 a kan ƙimar dala miliyan 100. Abin da kamfanin ya ce yana yi a taƙaice yake: masana'antar samikondakta, wato ta ƙera ayisi, ƙarama mai sauri, wadda injunan cikinta su da kansu za su ƙera.

Kafin a gane nauyin wannan magana sai an san dalilin da ya sa masana'antun ayisi suka kumbura har suka gagari kowa. Wadda ta taɓa yin ƙunshi da salatif ta san tushen aikin: a yanka zane, a manna a fata, a shafa lalle, inda salatif ya rufe ya zauna fari, inda ya bari ya kama. Haka ake yi wa faifan silikon. Ana shafa masa wani sinadari mai jin haske, a haska zane ta cikin wani allon gilashi, a wanke inda hasken ya taɓa, sannan a ƙwaƙule wurin da asid ko iskar gas, ko a cusa masa wasu sinadarai, ko a shimfiɗa ƙarfe. Sai a sake, hawa bisa hawa. Ayisin zamani na bi ta matakai ɗaruruwa, wani ya haura dubu, kuma faifai kan yi wata uku ko fiye yana yawo tsakanin injuna kafin ya fito. Zanen ya yi ƙanƙantar da ƙwayar ƙura guda za ta iya kashe ayisi, shi ya sa ma'aikata ke shiga cikin farar riga mai rufe jiki duka, iskar ɗakin kuma ana tace ta dare da rana.

Duk lokacin da aka ƙara ƙanƙanta zanen, kuɗin inji sai ya tashi. Injin da ke haska zane mafi ƙanƙanta a yau kamfani ɗaya ne a duniya ke yin sa, ASML na garin Veldhoven a Holan. Yana harbin ɗigon narkakken kuza da hasken leza sau 50,000 a daƙiƙa domin ya samar da hasken da ake buƙata, kuma kuɗin guda ɗaya ya haura dala miliyan 150, sabon samfurinsa ya doshi miliyan 400. Wanda ya sayi irin wannan inji ba zai bar shi ya huta ba. Dole ya riƙa tura masa faifai masu faɗin milimita 300, dubbai bisa dubbai a wata, kafin kuɗin ya fita. Manyan masana'antun TSMC na Taiwan kan sarrafa faifai sama da 100,000 a wata. Ta haka aka wayi gari kamfanoni uku ne suka rage a sahun gaba, TSMC da Samsung da Intel. AMD ya rabu da masana'antunsa tun 2009, GlobalFoundries da ya gaje su kuma ya sanar a 2018 cewa ya haƙura da tseren ƙanƙanta zane.

Wannan tsari ya yi wa duniya rana, don shi ya sa wayar da talaka ke iya saya take ɗauke da ƙarfin lissafin da gwamnatoci ba su da shi a shekarun 1970. Amma akwai wanda ya bari a baya, wato mai son kaɗan, kuma yana so da wuri. Injiniyan da ya zana sabon ayisi sai ya biya kuɗin allunan gilashin zane, waɗanda a fasahar sahun gaba kuɗinsu miliyoyin daloli ne, ya shiga layi, ya jira watanni. In ya dawo da kuskure guda, ya sake biya, ya sake jira. A shekara bai fi ya yi gwaji biyu ko uku ba. Mai rubuta manhaja kuwa yana gwadawa ya gyara sau hamsin kafin azahar. Kowane mai sana'a ya san hannu ba ya faɗawa sai da maimaici. Teloli da maƙera da masu gyaran waya duk ta nan suka ƙware. Sana'ar da ake jiran wata huɗu kafin a ga sakamakon gwaji ɗaya, dole ta koya wa mutanenta tsoron gwada sabon abu.

A ganina nan ne ainihin cinikin Atomic Semi yake: lokaci suke son sayarwa. Ba su da hanyar karawa da TSMC a araha, kuma ba sa buƙata. In ana iya rubuta zane kai tsaye a kan faifai, da haske ko da tsinin lantarki, ba tare da allon gilashi ba, kuɗin allon ya fita daga lissafi. In faifan ƙarami ne, injin ma ƙarami ne, kuma maimakon a tsaftace zaure guda sai a tsaftace cikin akwatin da faifan ke ciki. In kai ka ƙera injin, ranar da ya ƙi aiki kai za ka kwance shi ka sauya abin da ya dame ka, ba jiran injiniya daga wata ƙasa. Zuwa da kai ya fi aike. Masu buƙatar irin wannan suna nan: jami'o'i, masu ƙera na'urorin asibiti, masu harkar tauraron ɗan'adam, sojoji, da masana'antun da injinsu ya shekara 20 yana aiki amma an daina yin ayisin da ke cikinsa. Yawancinsu ba sa neman zane mafi ƙanƙanta. Ƙarancin ayisin da ya tsayar da masana'antun mota a 2021 ma, galibi na tsohuwar fasaha ne, irin masu sarrafa birki da gilashin ƙofa.

Tunanin ba sabo ba ne, kuma ya kamata mai ɗoki ya san haka. A Japan, cibiyar bincike ta AIST ƙarƙashin jagorancin Shiro Hara ta shafe sama da shekara 10 tana gina abin da ake kira Minimal Fab: faifai mai faɗin rabin inci, injuna masu faɗin kusan santimita 30 a jere kamar firji, ba tsaftataccen ɗaki, faifan na tafiya daga inji zuwa inji cikin rufaffen gwangwani. Yana aiki, ana sayar da injunan, ana bincike da su. Amma bai sauya fuskar kasuwa ba. Dalilin shi ne rubutu kai tsaye yana da jinkiri, kamar bambancin mai rubuta allo da alƙalami da mai buga littafi da inji, kuma kuɗin kowane ayisi a ƙaramin faifai ya ninka na babba nesa ba kusa ba. Ga kuma matsalar da ke hana masu wannan sana'a barci, wato cikin ɗari da ka ƙera nawa ne suka fito lafiya. Ƙera guda ɗaya mai aiki abin a yaba ne, amma mai saye yana son wanda ya karɓa yau ya zama daidai da wanda zai karɓa baɗi. Wannan daidaito shi ne abin da TSMC ya shafe tun 1987 yana tarawa, kuma ba a sayen sa a kasuwa.

To, maganar aiki fa? A nan ne nake ganin ana yawan haɗa abubuwa biyu da ba su da alaƙa sosai.

Na farko shi ne guguwar da gwamnatin Amurka ta tayar. Kason ƙasar a ƙera ayisin duniya ya faɗo daga kashi 37 cikin ɗari a 1990 zuwa kashi 12 a 2020, don haka a watan Agustan 2022 aka sa hannu kan dokar CHIPS mai dala biliyan 52.7, wadda biliyan 39 daga ciki tallafin gina masana'antu ne. Ƙungiyar masana'antun samikondakta ta Amurka ta fitar da bincike a 2023 da ke hasashen sababbin guraben aiki 115,000 zuwa 2030, tana gargaɗin cewa kusan 67,000 na iya rasa masu cike su. A shekarar ce TSMC ya ɗage fara aiki a masana'antarsa ta Arizona, yana kukan ƙarancin ƙwararrun masu girka injuna, har ya kawo ma'aikata daga Taiwan. Kwalejojin gundumar Maricopa da ke Arizona sun buɗe kwas na kwana 10 domin shigar da sababbin hannu. Duk wannan gaskiya ne. Amma a duba lissafin: lokacin da TSMC ya ce zai zuba dala biliyan 65 a masana'antu uku a Arizona, guraben dindindin da ya ambata kusan 6,000 ne. Sama da dala miliyan 10 ke nan a kan kowane ma'aikaci ɗaya. Wannan sana'a ce mai cin jari, ba mai ɗibar jama'a ba. Kuma tana da kaka da rani: a Agustan 2024 Intel ya sanar da sallamar ma'aikata kusan 15,000, masana'antarsa ta Ohio da aka yi ta shela kuma an ɗage ta zuwa wajen 2030.

Na biyu shi ne aiki a ƙaramin kamfani irin Atomic Semi, kuma shi wani abu ne daban. Jarin dala miliyan 15 bai kai kashi ɗaya cikin goma na kuɗin injin ASML guda ba. Kamfani mai irin wannan jari mutane ƙalilan yake fara ɗauka, kuma yana tsananin zaɓe. Duk wanda ya ce ƙananan masana'antun ayisi za su magance rashin aikin yi, a Amurka ne ko a wani wuri, bai yi lissafi ba.

Abin da ya sa nake ganin aikin yana da daraja duk da ƙarancinsa shi ne irin mutumin da yake ginawa. A babbar masana'anta injiniya na iya shekara 15 a kan mataki ɗaya, a ce ƙwaƙule zane, ya san shi ciki da bai, amma bai taɓa ganin faifai daga farko zuwa ƙarshe ba, injin da yake kula da shi kuma ba shi da izinin buɗe cikinsa. Faifan ma ba ya taɓa shi, na'urori ne ke yawo da shi a kan layin dogo a saman rufi. A wurin da ake ƙera injunan a cikin gida kuwa, ana buƙatar mai sassaƙa ƙarfe daidai da awo, da mai walda da zai haɗa tukunyar da aka zuƙe wa iska ba ta yoyo, da mai zana allon lantarki, da masanin madubai da haske, da masanin sinadarai, da mai rubuta manhajar da za ta motsa teburi da awon da ido ba ya gani. Sau da yawa mutum ɗaya ne ke riƙe da biyu ko uku daga ciki. Haka abin yake a farko. Mutum 8 da suka bar kamfanin Shockley suka kafa kamfanin Fairchild a 1957 da hannunsu suka haɗa tanderunsu da kayan haska zanensu, kuma daga wannan ɗan gida ne Intel da AMD da wasu kamfanoni da dama suka fito. Ko da ƙaramin kamfani bai kai labari ba, mutanen da suka koyi aikin daga tushe ba sa ɓacewa, su ne ke kafa na gaba.

Wannan ya sa irin waɗannan kamfanoni suka fi kallon abin da mai nema ya taɓa ginawa fiye da takardar da ya riƙe. Shi kansa Zeloof da bidiyon garejinsa aka san shi. Wanda ya zo da hoton injin da ya haɗa, da bayanin inda ya lalace da yadda ya gyara, ya fi kusa da ƙofa fiye da wanda ya zo da sakamakon jarrabawa kawai.

Sai dai mai shiga ya shiga da idonsa a buɗe. Wani ɓangare na ladan aiki a sabon kamfani hannun jari ne, wanda takarda ce kawai har sai ranar da kamfanin ya yi nasara, alhali hayar gida a San Francisco wata-wata ake biya, kuma tana cikin mafi tsada a Amurka. Aikin ba a yin sa daga gida ta kwamfuta, sai an tsaya gaban inji. Akwai haɗari na zahiri: asid ɗin da ake cire gilashi da shi yana ratsa fata ya kai ga ƙashi ba tare da mutum ya ji zafi nan take ba, wata iskar gas da ake amfani da ita kuma da ta haɗu da iskar waje take kama wuta. Gundumar Santa Clara ta jihar California, inda sana'ar ta girma, tana da wurare sama da 20 a jerin gurɓatattun filayen da gwamnatin tarayya ke tsaftacewa, akasarinsu gadon masana'antun farko ne. Ƙanƙantar masana'anta ba ta rage dafin sinadari. Sannan kamfanin na iya rufewa. Efabless, wanda ya buɗe wa ɗalibai da ƙananan masu zane hanyar ƙera ayisi da araha, kuma kowa ke yabonsa, ya rufe a farkon 2025 saboda bai samu ƙarin jari ba. Ba a san maci tuwo ba sai miya ta ƙare, kuma a wannan harka miyar jarin masu zuba kuɗi ce.

Ga matashin da ke karanta injiniyan lantarki a Zariya ko Kano ko Yamai, ƙofar shiga irin wannan kamfani kai tsaye ƙunci gare ta, kuma gara a faɗa masa gaskiya. Bizar ƙwararru ta H-1B guda 85,000 ake bayarwa a shekara, da ƙuri'a. Fasahar samikondakta na ƙarƙashin dokokin hana fitar da fasaha, waɗanda ke ɗaukar nuna wa baƙo wasu bayanai a cikin Amurka tamkar fitar da su zuwa ƙasarsa, don haka kamfanoni kan yi taka-tsantsan wajen ɗaukar wanda ba ɗan ƙasa ba. Hanyar da aka fi bi ita ce digiri na biyu ko na uku a jami'ar da ke da ɗakin ƙera ayisi.

Amma akwai abin da wannan yunƙuri ya buɗe wanda ba ya buƙatar biza. A 2020 Google da kamfanin SkyWater suka saki cikakken bayanin fasahar ƙera ayisi ta nanomita 130 (awon ƙanƙantar zanen ke nan) kyauta ga kowa, abin da a da sai an sa hannu kan yarjejeniyar sirri ake gani. Shirin Tiny Tapeout na Matt Venn na tara ƙananan zane-zanen mutane da yawa a ayisi guda, kowa ya biya ƴan ɗaruruwan daloli a aiko masa da nasa, kuma ya ci gaba da wasu masana'antu bayan rufewar Efabless. Wanda ke da kwamfutar tafi-da-gidanka da data zai iya koyon zana ayisi da gwada zanen, kuma ɓangaren zane da tantancewa shi ne ɓangaren sana'ar da ake iya yi daga nesa. Indiya ta shafe shekaru da dama tana cin abinci da shi.

A Carnegie Mellon, inda Zeloof ya yi karatu, ɗalibai sun kafa Hacker Fab, suna haɗa injunan ƙera ayisi masu araha suna wallafa zanensu a fili domin wasu jami'o'i su kwafa. Wannan shi ne abin da na fi so in ga wani sashen injiniya a jami'o'inmu ya ɗauka da gaske, ko da taransista 6 zai fara fitarwa, don ɗalibin da ya ga silikon ya sauya launi a tanderu ya fahimci abin da shekara huɗu na zane a allo ba su koya masa ba. Cikas na farko wuta ce. A Fabrairun 2021, da sanyi ya durƙusar da lantarkin Texas, masana'antar Samsung da ke Austin ta yi sama da wata guda kafin ta dawo daidai, faifan da ke cikin injuna kuma suka lalace. Tanderun da ke toya silikon yana son zafin kusan digiri 1,000 na sa'o'i a jere ba yankewa. Sashen da zai gwada, da sola da batirin da za su riƙe tanderun nan zai fara kasafinsa, sai tataccen ruwa, sai ma'aikacin da aka horar kan riƙon asid da zubar da shi, sannan a zo maganar majigi.